Wasan Mutum Biyu a Hannun Mutum Ɗaya

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Ɗambatta, ta zarce Kazaure da Daura, in dai mai lura ne, zai ga wani abu da ba a cika gani a sauran sassan ƙasar Hausa ba, watau rashin daji. Gona ce ke bin gona, ƙauye na hangen ƙauye, kuma itatuwan da ke tsaitsaye a tsakanin kunyoyi, su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowanne da mai shi. Tun cikin shekarun 1960 wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya dawo Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi nazarin wannan yanki da ke kewaye da birnin, ya bayyana yadda jama'a suka cunkushe a cikinsa har ta kai ba a barin gona ta huta ko da shekara guda. Abin da ke riƙe da ƙasar shi ne taki. Da rani jakuna kan yi ta safara da mangaloli, kashin awaki da toka da sharar gida duk a gona suke ƙarewa. Kara ya zama danga da makamashi, harawa ta zama abincin dabba, dabba kuma ta mayar wa gona abin da ta ci. Ba abin da ke zuba a banza.

Mutanen da suka tashi a irin wannan wuri, yadda suke tattalin ƙasa haka suke tattalin lokaci. Magidanci in ya sauka daga aikin gona, ko dai a gan shi yana tufkar igiya, ko yana gyaran danga, ko ya kama hanyar kasuwa, ko kuwa ya tafi cin rani. Saboda haka ne ya zama abin magana sa'ad da aka fara ganin wani malamin makarantar firamare a wani ƙauye da ke gefen wannan hanya, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, mai mata da 'ya'ya biyar da gonar gado, yana zaune a zaurensa bayan sallar isha'i, ya duƙufa a kan wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, haskenta na dukan fuskarsa, manyan yatsunsa biyu na ta motsi. Da farko an zaci waya ce. Da yara suka leƙa suka ga wani ɗan mutum mai jar hula yana tsalle a kan bulo, sai labari ya bazu cewa Malam gem yake yi.

Ya kamata a ɗan tsaya a bayyana wa mai karatu ko mece ce wannan na'ura, domin ba irin wadda samarin birni ke buga ƙwallo da ita a gidajen gem ba ce. Na'urorin wasan bidiyo da suka game duniya a da, kamar Famicom wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983, da Mega Drive ta kamfanin Sega a 1988, da Game Boy a 1989, kowacce da irin ƙwaƙwalwarta da irin kaset ɗin da take karantawa, na wannan ba ya shiga waccan. An daɗe da daina ƙera su. To amma tun cikin shekarun 1990 waɗansu masu ilmin kwamfuta suka shiga rubuta manhajojin da ke kwaikwayon waɗannan tsofaffin na'urori. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna ita ce MAME, wadda wani Ba'italiye mai suna Nicola Salmoria ya fara fitarwa a 1997, da nufin kada tsofaffin wasanni su mutu tare da injinansu. Yadda abin yake shi ne, a kwafe abin da ke cikin tsohon kaset a mayar da shi fayil, sa'an nan manhaja ta riƙa karanta umarnin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, tana aikata abin da tsohuwar na'ura za ta aikata da ita ce ta karanta. Aikinta dai aikin tafinta ne, tsakanin tsohon wasa da sabon inji waɗanda ba sa jin harshen juna.

Da yake wasannin wancan zamani ƙanana ne ƙwarai, ba su da wuyar ɗauka. Super Mario Bros. na 1985, wanda shi ne na ɗan mutum mai jar hula da yara suka hango, girmansa kilobait 40 ne kacal, watau hoto guda da aka ɗauka da wayar zamani ya ninka shi sau hamsin ko fiye. Wannan ya sa kamfanonin ƙasar Sin, irin su Anbernic da Miyoo, suka shiga ƙera 'yan na'urorin hannu masu ɗauke da manhajar kwaikwayo, wasu kuma suka riƙa kwaikwayon nasu suna sayarwa da araha, tare da katin memori da aka cika da dubban wasanni. Irin ta arahar ce ta Malamin. Wani mai sayar da waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ne ya yi masa odarta ta intanet, bayan da ya gan ta a hannun wani abokin karatunsa. Batirinta na yin 'yan sa'o'i, in ya ƙare a jona ta da ɗan faifan sola da ke kan rufin ɗaki, ko a aika da ita wurin mai cajin waya na bakin masallaci.

Kuɗinta kuwa ya kusa na buhun gero a lokacin, kuma da wannan ma'auni uwargidansa ta auna ta. Ran da ya kawo ta, ta juya ta gaba da baya, ta miƙa masa, ta ce, "Malam, ashe buhun gero yana shiga aljihu." Ba ta ƙara ba, shi ma bai ce kome ba, domin ya san rumbu bai cika ba a shekarar.

Maganar waje ta fi ta cikin gida nauyi. A ƙauye irin wannan malamin makaranta ba shi da wurin ɓuya: shi ke karanta wa mutane takardar asibiti, shi ake sa wa ya rubuta sunaye in za a raba takin zamani, 'ya'yan kowa kuma ta hannunsa suka bi. Wani dattijo, abokin mahaifinsa, ya tare shi a hanyar masallaci ya ce, "Ɗana, abin da nake ji gaskiya ne? Kai da kake ƙwace wa yara abin wasa a aji?" Liman bai kama suna ba, amma wata rana bayan sallar magariba ya yi tsokaci a kan abubuwan da ke shagaltar da mutum har lokacin salla ya kuɓuce masa, kuma kowa ya san inda kibiyar ta nufa, ko da yake ba wanda zai ce ya taɓa ganin sahu ba Malamin a ciki. Abin lura a nan shi ne, a gindin tsamiyar da ke ƙofar gidan mai unguwa akwai gurabun dara guda talatin da aka haƙa tun Malamin yana yaro, kuma duk rani dattawa kan wuni a kansu da karare da duwatsu, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, ana jera uku ana ci, ana shewa. Ba wanda ya ce girmansu ya faɗi. Bambancin dai, kamar yadda shi kansa Malamin ya gane daga baya, dara a bainar jama'a ake yin ta, mutum biyu na bugawa, goma na ba da shawara. Shi kuwa ya sunkuyar da kai shi kaɗai a cikin duhu, kuma a ƙasar Hausa wanda ya keɓe kansa da abin jin daɗi, ko abinci ne, sai an dube shi.

Akwai abin da waɗannan masu magana suka manta, ko kuma ba su taɓa haɗa shi da wannan na'ura ba. Malamin yana da wa, ɗan fari a ɗakinsu, wanda ya girme shi da shekara shida. A tsakiyar shekarun 1990, da an gama girbi an ɗaure dawa, sai wan nan ya tafi Kano cin rani, yana dako a kasuwar Sabon Gari, ba ya dawowa sai gab da sharar gona. A wata dawowar ne ya fito da wani abu daga aljihun rigarsa, ɗan akwatin roba mai launin toka, da ƙaramin gilashi a sama da maɓallai masu ruwan ɗorawa a ƙasa. Brick Game ake ce masa. An rubuta a jikinsa wai wasanni barkatai ne a ciki, alhali kuwa 'yan kaɗan ne aka yi ta maimaitawa, kuma babbansu shi ne na bulo masu faɗowa daga sama, a juya su a jera, layin da ya cika ya ɓace. Yaran ba su san cewa kwaikwayon Tetris ba ne, wanda wani Barashe mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Su dai sun san cewa gidansu ya zama dandali.

Batir biyu yake ci, batir kuwa kuɗi ne. In ya yi sanyi, bulon suka fara dusashewa, sai a ciro shi a shanya a kan dutsen niƙa a cikin rana, ko a ɗan cije shi da haƙori, a mayar, a sami abin da aka samu. Wan ya kafa doka: kowa wasa ɗaya, in bulo suka taɓo sama ka miƙa wa na kusa da kai. Ƙanen yakan zauna a gefensa yana jiran layi ya zagayo, yana addu'a a zuci kada batir ya mutu kafin a zo kansa.

Amma babban abin yana Ɗambatta. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, mahaifinsu kan aike su da jaki su kai gyaɗa ko wake, kuma in an sayar akwai ɗan abin da ake bar musu na ƙosai da rake. A wani lungu bayan kasuwa akwai wani shago mai talabijin guda da na'ura irin ta kwaikwayon Famicom da aka cika kasuwanni da su a lokacin, masu kaset ruwan ɗorawa. Ana biyan 'yan kuɗi kaɗan a zauna a benci, in rayukanka sun ƙare ka tashi, in wuta ta ɗauke kuma asararka ce. A nan kuɗin ƙosai yake ƙarewa. Wasan da suka fi so shi ne Contra, na kamfanin Konami, wanda ya fara fitowa a 1987, aka mayar da shi na gida a 1988. Sojoji biyu ne, ɗaya da shuɗin wando ɗaya da ja, suna kutsawa cikin wani tsibiri suna harbi. Abin da ya bambanta shi da Mario shi ne mutum biyu ke yin sa a lokaci guda, kowa da hannunsa na gem. Wan ne mai shuɗi kullum, ƙanen mai ja. Kowa da rai uku.

Matakai takwas ne a wasan, amma 'yan'uwan nan ba su taɓa wuce na uku ba. Shi mataki na uku gangaren ruwa ne, hawa ake yi daga dutse zuwa dutse, kuma hoton sama yake tafiya, ba ya komowa ƙasa. Ma'ana, in ɗaya ya yi gaggawa ya haye, sai ƙasan hoton ya cinye wanda aka bari a baya, ya mutu ba tare da harsashi ya taɓa shi ba. Wan ya fi ƙanen hannu nesa ba kusa ba, don haka rabin wasan a jira yake ƙarewa: ya tsaya a kan dutse, abokan gaba na ruwan wuta a kansa, yana cewa, "Hawo mana! Kai nake jira." Daɗin daɗawa, akwai wata dabara a wasan, wanda rayukansa suka ƙare yana iya danna maɓalli ya ɗauki rai ɗaya daga na abokinsa ya dawo. Ƙanen ya gano wannan, ya kuwa riƙa yi, wai a ɓoye. Sai wan ya ga ransa ya ragu, ya harare shi ya ce, "Ɓarawo," ya ci gaba da harbi. Bai taɓa hana shi ba. A hanyar komawa gida, jaki na gaba suna biye, zancen ke nan: mako mai zuwa za a wuce ruwan nan.

A bazarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, Kano na cikin inda ta fi tsanani, kuma waɗanda aka ƙididdige sun rasu a ƙasar sun haura mutum 11,000. Wan ya dawo daga cin rani da ciwon kai da zazzaɓi, wuyansa ya sandare. Kwana uku ya yi. An binne shi kafin ruwan farko, aka yi shuka a shekarar ba shi. Ɗan akwatin robar ya yi ta yawo a hannun yara har gilashinsa ya fashe, ƙanen kuwa bai sake shiga lungun bayan kasuwa ba.

Mai karatu ya san al'adar ɗan fari a ƙasar Hausa: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ƙaunarsa a gaban mutane, wata ko zancensa ba ta yi. Mahaifiyarsu ta riƙe wannan alkunya yana da rai, ta kuma riƙe ta bayan ransa. Ta karɓi gaisuwa, ta yi haƙuri irin wanda ake yaba wa, ta rufe bakinta. Shekaru suka shuɗe ba a ji ta ambace shi ba, hotonsa kuwa babu ko ɗaya a gidan.

Daren farko da Malamin ya kunna sabuwar na'urarsa, abin da ya fara cin karo da shi shi ne yawa. Sunayen wasanni ne jere ba iyaka, na Famicom da na Sega da na Game Boy da na PlayStation ta farko, wasu da rubutun Japan, wasu an maimaita su sau biyar. Yaron da ya taɓa cizon batir don ya ƙara minti goma, yau ga shi da abin da ko ya shekara ɗari ba zai gama ba. Ya buɗe wannan ya yi minti biyu ya rufe, ya buɗe wancan. Mako guda ya yi a haka, kamar akuyar da aka saki a gonar wake, ba ta ƙoshi ba sai ɓarna.

Akwai ma wata tambaya da ta ɗan dame shi, shi da yake koya wa yara cewa kayan wani haramun ne sai da izininsa: waɗannan dubban wasanni na wane ne? Gaskiyar magana ita ce kamfanonin da suka yi su ba su ba da izinin a kwafe su a cika kati da su ba, kuma Nintendo musamman ya sha kai masu rarraba irin waɗannan fayiloli ƙara a kotunan Amurka. A ɗaya gefen kuma, wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka sayar a can kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu, ko da mutum ya zo da kuɗinsa. Kaset ɗin da suka yi wasa da shi a Ɗambatta ma ai na kwaikwayo ne. Malamin bai warware wannan ƙulli ba, ya dai bar shi a zuciyarsa yadda yake.

A mako na biyu ya nemo Contra. Da kiɗan farko ya tashi sai da ya ajiye na'urar a kan tabarma ya ɗan jima. Kome yana nan yadda ya bar shi, dajin da gadar da ke fashewa da wurin da bindiga mai watsa harsashi ke faɗowa, kuma yatsunsa sun tuna abin da shi ya manta. Sa'an nan ya gano wata baiwa da manhajar kwaikwayo ke da ita wadda tsohuwar na'ura ba ta da ita: ana iya tsayar da wasa a kowane wuri a ajiye shi, in an mutu a komo daidai wurin, sau ɗari in an so. Mutuwa ta zama ba kome ba. Da wannan ya doshi gangaren ruwa, ya haye shi cikin 'yan mintoci, domin ba wanda zai jira, ba kuma wanda zai bari a baya. Ya wuce filin ƙanƙara, wanda bai taɓa sanin akwai shi ba, ya wuce sauran, kafin tsakar dare ya kai mataki na takwas ya fasa zuciyar dodon. Jirgi mai saukar ungulu ya tashi daga tsibirin, tsibirin ya tarwatse, sunayen Japanawa suka bi ta kan gilashi, sai wasan ya komo farko. Abin da yara biyu suka yi ta alkawari a bayan jaki, ya ƙare a dare ɗaya. Ya kashe na'urar ya zauna a cikin duhun zaure, yana jin kukan gyare.

Ba da gangan masu ƙera waɗannan na'urori suka rage wa wasan kome ba, ƙari ma suka yi. Sai dai wasannin wancan zamani a kan ƙaranci aka gina su. Contra a injin da ake jefa wa kwabo aka fara yin sa, an tsananta shi ne don kwabo ya yi ta shiga, kuma rai ukun nan su ne ke sa gumi a tafin hannu. Har wata boyayyiyar hanya ke akwai ta danna maɓallai a jere a sami rai talatin, wadda wani ma'aikacin Konami, Kazuhisa Hashimoto, ya fara sakawa a wani wasa a 1986 saboda shi kansa ya kasa cin wasan da yake gwadawa. Da 'yan'uwan nan sun san ta, da sun wuce ruwan tun a lokacin. Da kuma ƙanen bai sami dalilin satar rai ba, wan bai sami na ƙyale shi ba. Ita kuwa na'urar Malamin, da duk dubban wasanninta, maɓallan mutum ɗaya ne a jikinta. Sojan mai shuɗin wando kaɗai ke fitowa, watau na Yaya, shi ne Malamin ya kai har ƙarshe.

Ya yi kwanaki bai taɓa ta ba, har uwargida ta fara tunanin ko za a sayar a mayar da gero. Da ya koma, sai ya koma kan Tetris na Game Boy, wanda ba shi da ƙarshen da za a kai, bulo dai na ta faɗowa har su fi ƙarfin mutum. Wani dare iskar hunturu ta hana zaman zaure, ya shigo tsakar gida ya zauna kusa da murhu yana yi, bai rage sauti ba. Mahaifiyarsa, wadda yanzu tsufa ya kama, idonta ya yi rauni, tana ƙofar ɗakinta da carbi. Sautin ba ɗaya ba ne sak da na tsohon akwatin roba, amma dangin juna ne, 'yar ƙarar nan ta juya bulo da ta saukarsa. Sai ya ji carbin ya tsaya.

Ta ce, "Kai, mene ne wannan?"

Ya ce, "Inna, abin wasa ne. Bari in kashe."

Ta ce, "Kawo in gani."

Ya matso ya durƙusa ya riƙe mata. Ta kawo fuskarta kusa da hasken, ta daɗe tana duban bulon suna sauka suna taruwa a karkace, ba mai juya su, har suka cika gilashin. Sa'an nan ta ce, "Irin na wancan yaron ne." Ta yi shiru kaɗan, ta ƙara da cewa, "Dutsen niƙana ya hana ni da batiransa." Ta koma kan carbinta. Malamin ya tsaya a durƙushe yana jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. A iya saninsa, wannan ne karo na farko da ta yi zancen ɗanta na fari tun 1996.

Bayan wannan dare ne ya fito da na'urar daga ɓoye. Ranar Alhamis da Juma'a da dare, da babu makarantar allo, yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, 'ya'yansa da na maƙwabta su kewaye shi. Ya kafa doka: ba a ajiye wasa, ba a komawa baya, rai uku ne, wanda nasa suka ƙare ya miƙa wa na kusa da shi. Wanda bai kawo aikin gida ba, layi ya tsallake shi. Yaran, da suka saba ganin gem mai kama da fim a wayoyin yayyensu, sun fara da dariyar waɗannan 'yan mutane masu kusurwa-kusurwa, amma ba a yi mako biyu ba sai ga su suna ihu a kan gadar da ke fashewa. Dattijon nan abokin mahaifinsa ya taɓa tsayawa a kansu da sandarsa, ya leƙa, ya ce wa wani jikansa, "Kai ma ka yi tsalle mana, ba ka ga rami ba?" sa'an nan ya tuna kansa ya wuce. Maganar gari ba ta mutu duka ba, har yanzu akwai masu ganin kuɗin da ya fi kyau a ce tunkiya aka saya da shi, kuma ba za a ce sun yi ƙarya ba.

Babban ɗansa, mai shekara goma sha biyu, shi ya fi kowa hannu. Shi ne ya fara kaiwa gangaren ruwa da rai uku cif, shi ne kuma ya lura da rubutun da ke farkon wasan, inda ake zaɓar mutum ɗaya ko biyu.

Ya ce, "Baba, wannan na biyun fa?"

Malamin ya ce, "Na mutum biyu ne. Sai da wani hannun."

"Ana samu?"

"An ce ana jona shi ta wannan ramin na ƙasa. In na shiga birni zan tambaya."

"In an samo, ni ne mai shuɗi ko kai?"

Malamin bai amsa ba, ya ce a miƙa wa na gaba.

Albashi bai zo da wuri ba a watan, da ya zo kuma taki da iri suka cinye shi, shiga birni ta koma sai bayan damina. Ana cikin haka gabas ta haɗe, gawo ya fara zubar da ganye kamar yadda ya saba in ruwa ya kusa, kuma wani daren Alhamis, yara na tsakiyar layi, iska ta taso da ƙamshin ƙasa. Aka naɗe tabarma a guje. Malamin ya kashe na'urar, ya nannaɗe ta a cikin tsohuwar hula, ya sa a akwatin ƙarfe inda yake ajiye takardun makaranta. Ruwa ya kwana yana zuba. Da asuba, bayan an idar da salla, ya ɗauki sungumi, babban ɗansa ya ɗauki ƙwaryar iri, suka nufi gonar gado. Uban na gaba yana sara, yaron na biye yana zuba gero yana rufewa da diddige, in uban ya ba shi rata sai ya tsaya a ƙarshen layi ya dogara da sungumin har ya iso.